Tambayi Bakanike: Tayar bazara ko ta kowane yanayi, wacce ta dace da Mustang a Katsina?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙo biyu kawai zan ɗauka, duk a kan taya suke, na farkon ne ya ja ni na yi nisa, masu tambayar giyabos da eyasi ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA

Salam Kawu, ya aiki ya fama da zafi, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema. Watan jiya Allah ya hore mani Ford Mustang GT ƙirar 2016, irin mai injin 5.0 ɗin nan, 'yar Amurka ce ta Legas ta shigo, rim 19 ne a ƙasanta, gaba 255/40 baya kuma 275/40. To tayoyin baya sun suɗe sosai, in na ɗan taka totur a randabawul sai in ji bayan na neman wuce ni, na gaban ma ba wani abin kirki. Na yi magana da wani mai taya a Kano ya turo mani hotuna ta WhatsApp ya ce iri biyu ya samo, akwai wadda aka rubuta All Season a jikinta wai ta kowane yanayi, akwai kuma wadda ya ce ta bazara ce kuma ita ta fi tsada. Yayana da ke zaune a Shikago ya ce kar in kuskura in sayi ta bazara, shi ta kowane yanayi yake sa ma motarshi kuma bai taɓa samun matsala ba. Abokaina na majalisa a Ƙofar Ƙaura su ma sun ce ai sunanta ma ya ishe ni, damina na faɗuwa za ta koma sabulu a kan kwalta. Ni kuma kusan duk Juma'a ina zuwa Daura gaida su Hajiya in dawo Lahadi, jefi-jefi kuma in shiga Kano, ga damina ta matso. Mi ye gaskiyar magana Kawu? Sannan mai facin unguwarmu iska 45 yake bugawa a kowace ƙafa, ya ce haka ake ma manyan motoci, daidai ne?

Daga ɗanka a Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a kashe lafiya. Bari in ba ka amsar tun kafin surutu ya kwashe ni: ta bazarar za ka saya, da sharaɗin sabuwa ce ta gaske ba wadda ta shekara da shekaru tana kwana a shago ba. Iska 45 kuma ba daidai ba ne, zan zo kanta.

Sunan ne ya rikita abokanka, kuma ban ga laifinsu ba. Mu in an ce bazara abin da ke zuwa mana shi ne Afrilu da Mayu, rana kamar ta dafa mutum, ba ɗigon ruwa. Su kuwa masu ƙera tayar nan da sanyi suke raba shekararsu, ba da ruwan sama ba, lokacin zafinsu Yuni ne da Yuli da Agusta, wato daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina, kuma su ma ruwa ake tafka musu a watannin. Don haka in Bature ya ce tayar bazara nufinsa tayar lokacin da ba sanyi, ko a bushe ko a jiƙe. Iyakar da kamfanonin taya suke ja ita ce digiri 7, ƙasa da haka robar tayar bazara takan fara ƙandarewa ta daina kama titi yadda ya kamata, in aka kai ga ƙanƙara kuwa ba ta da wani amfani.

To yanzu ka tambayi kanka, yaushe rabon da Katsina ta ga digiri 7 da rana tsaka? Sanyin hunturun da muke kuka da shi a Disamba da Janairu, wanda ke sa tsofaffi hura wuta a ƙofar gida kowa ya naɗe kai da rawani har a ƙi wankan safe, in ka duba ma'auni da asuba wajen 12 ko 13 za ka gani, kafin azahar ya haura kusa da 30. A Afrilu kuwa 40 ba labari ba ne, kuma wannan zafin iska ke nan, kwalta baƙa ce ta fi haka nesa ba kusa ba, taka ta ba takalmi ka ji. A lissafin masu taya mu nan wata goma sha biyun duk bazara ce.

Yayanka ma gaskiya ya faɗa maka, amma gaskiyar Shikago. Can a Janairu sanyi ƙasa da sifili yake sauka, ga dusar ƙanƙara, wanda ya fito da Mustang a kan tayar bazara a irin wannan safiyar ko daga layinsu ba zai fita lafiya ba. Shi dole ya zaɓi ɗaya, ko ya riƙa canza taya sau biyu a shekara ko ya sa ta kowane yanayi ya huta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ka gode masa kawai ka ce ka ji.

Ita ta kowane yanayin taura biyu ake so ta tauna. An haɗa robarta yadda ba za ta ƙandare a sanyi ba, sannan in ka kalli zanenta da kyau za ka ga ƙananan tsage-tsage birjik kamar an bi da reza, aikinsu su ciji ƙanƙara, galibi kuma za ka ga an rubuta M+S a gefe, wato taɓo da dusar ƙanƙara. Waɗannan tsage-tsagen a kan kwalta mai zafi su ke sa zanen ya riƙa lanƙwasa yana motsi, sai ka ji sitiyari ya yi ɗan laushi a kwana, birki kuma ya ƙara 'yan taku kafin mota ta tsaya. Ta bazara zanenta manyan ɓangarori ne masu ƙarfi, tsagar kaɗan ce, robar in ta ɗumama har danƙo take yi, ga manyan kwaruruwa da suka zagaye ta masu fitar da ruwa. Shi ya sa a jiƙaƙƙen titi ma in dai ba sanyi, tayar bazara mai kyau yawanci ita ke kan gaba wajen birki. Ka ga ke nan in ka sayi ta kowane yanayi ka biya kuɗin maganin cutar da babu ita a garinku, ka kuma rage abin da kake buƙata kullum.

Kuma ka tuna wace irin mota ce a hannunka. Ƙarfin doki 435 ne a injin nan kuma duka a ƙafafun baya yake sauka, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu da 'yan kai ba. A Corolla bambancin nan ba kowa zai ji shi ba, a Mustang za ka ji. Ba ma don gudu nake faɗa ba, don tsayawa ne. Hanyar Daura kilomita 80 ce ko kusa da haka, ka fi ni sanin yadda akuya ke faɗowa titi ba sallama, ga ɗan acaɓa da zai juya ba sigina, ga amalanken shanu ranar kasuwa, 'yan takun nan da na ce su ne tsakanin "Allah ya kiyaye" da zaman sulhu a gidan mai unguwa.

Inda ta kowane yanayi ta fi ta, kuma ba zan ɓoye maka ba, shi ne daɗewa. Duba gefen tayar za ka ga an rubuta TREADWEAR da lamba, tsarin Amurka ne, yawan lambar yawan jimirin zanen. Ɗauki Michelin misali tunda suna yin duka biyun, Pilot Sport 4S ta bazara 300 ce, Pilot Sport All Season 4 kuma 540, garantin da suke bayarwa a can ma ta farko mil 30,000 ta biyu mil 45,000. Continental ExtremeContact DWS06, ita ma ta kowane yanayi, 560 ce. Kar ka ɗauki lambar kamar alƙawari, tsakanin kamfani da kamfani ba ta cika daidaituwa ba, garantin kuma ba ya tsallako teku ya biyo ka Katsina, amma dai ta nuna maka inda aka dosa. Ƙari a kan haka taka gaba da baya ba girmansu ɗaya ba, ba damar a riƙa juya su ana kai na gaba baya, na bayan za su riga cinyewa ko me ka yi. To in aljihu ne ya yi magana, ta kowane yanayi irin ta motocin gudu daga kamfanin kirki ba haramun ba ce, za ta yi maka aiki, ni dai in tawa ce ba ita zan fara ɗauka ba. Wanda ya sayi doki ai ya san da kuɗin harawa.

Akwai kuma inda ni da kaina zan ce ka bar ta bazarar, shi ne shekaru. Mu nan ba a yin tayar mota yanzu, Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙerawa a Legas a 2008, tun lokacin komai shigo da shi ake. Girma irin 275/40 rim 19 kuma ba kullum ake tambayarsa ba, sai taya ta yi shekara huɗu biyar a sito ko ma a jingine a ƙofar shago rana na dukanta, zane fes ko tsinken roba bai karye ba, amma robar ta bushe. Ka ce wa mai tayar nan ya ɗauko maka hoton inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2322 to sati na 23 ne a 2022. Kowace ɗaya cikin tayoyin huɗu zai ɗauka, ba ya nuna maka guda ya ɗaure maka sauran a leda ba. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke lissafa wa taya, Ford ta ce a canza bayan shida ko da zane bai cinye ba, Michelin ta ce daga shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara kuma kar ta wuce goma. Da zafin garinmu ni na fi karkata ga lissafin da ya fi gajarta. In ta bazarar ta tsufa a shago ita kuma ta kowane yanayin ta bana ce ko ta bara, ɗauki ta kowane yanayin ka yi tafiyarka, ba sai ka sake tambayata ba.

Ka je Kanon da kanka, taya huɗu masu wannan tsadar ba abin da ake saya a hoto ba ne. Shafa wajen lambar DOT ɗin ka ji ko an kankare an sake bugawa, duba rubutun sunan harafi bayan harafi don akwai masu sauya harafi ɗaya, kama da wane ba ta wane. Sannan bayan lambar girma akwai lamba da harafi, kamar 96Y ko 101W. Lambar nauyin da take ɗauka ne, harafin kuma iyakar gudunta, H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Na san za ka ce Kawu ina ni ina 270, kuma gaskiya ne, doka ma 100 ta ba ka a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi. Amma harafin nan a zahiri jimirin zafi yake nunawa, tayar da aka gina ta jure 270 tana tafiya 100 cikin ranar Afrilu ko a jikinta. Kar ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba. Wajen da aka rubuta TEMPERATURE a gefen tayar ma ka tabbata A ce, ba B ko C ba.

Wani abu kuma, in mai taya ya ga kana da zafin kai zai iya fito maka da irin su Pilot Sport Cup 2 ya ce ita ce ƙarshe. Ta filin tsere ce, zanenta kaɗan ne, in ruwa ya kwanta a titi ba ta da kirki. Ita ce ma maganar abokanka ta sabulu za ta fi dacewa da ita.

Tunda an zo maganar ruwa, abin da ke kayar da mota a damina zurfin zane ne fiye da sunan taya. Akwai 'yan tudu a cikin kwaruruwan, in zane ya cinye ya yi daidai da su to saura milimita 1.6, ta mutu ke nan, ni tun daga 3 nake cewa a fara tanadin kuɗi. Naka na baya da ka ce sun suɗe kar ka bari ruwan farko ya same ka a kansu, ruwan farko ya fi kowanne santsi saboda ƙurar rani da baƙin mai na wata bakwai takwas duk sai su dame a kan kwalta. Inda iska ta kwaso yashi ta zuba a kwana kuwa, wannan babu tayar da aka yi dominsa, ɗaga ƙafa kawai.

Kar kuma ka raba ƙafa, wato ta bazara a gaba ta kowane yanayi a baya don rage kuɗi. Gaban zai kama bayan ya saki, a mota mai ja da baya wannan shi ne ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito. In kuɗin biyu kawai ke akwai, sa biyun a baya, irin na gaban da ke kai yanzu, ka cike sauran in hali ya samu.

Sai rami, wanda shi ne ainihin mai cin tayar irin motocinku a ƙasar nan, ba bazara ba ba damina ba. Lambar 40 ɗin nan ta 255/40 da 275/40 na nufin tsayin gefen tayar kashi 40 cikin ɗari ne na faɗinta, wato na gaba milimita 102, na baya 110. Camry mai 215/60 tana da 129. Wannan ɗan bambancin shi ke sa Camry ta faɗa rami ta wuce, kai ka faɗa taya ta kumbura a gefe ko rim ya lotse. In ta kumbura zaren ciki ne ya tsinke, ba ta facuwa, duk wanda ya ce zai gyara maka so yake ta yi bindiga da kai a hanya. Wasu na komawa rim 18 da 235/50 don samun ƙarin nama, dabara ce mai kyau, sai dai girman tayoyin da ka faɗa ya nuna taka mai manyan birkin Brembo ce a gaba, ba kowane rim 18 ke shiga kansu ba, a gwada a juya ƙafar kafin ka biya. Buɗe but kuma ka leƙa, da yawansu ba sa zuwa da safaya sai ɗan famfo da gwangwanin gam, gara ka sani yau da ka sani da magariba tsakanin Kazaure da Daura.

Yanzu mai facinku. Wataƙila lambar da ke gefen taya ya gani, 50 ko 51, ya ce bari ya ɗan rage. Waccan iyakar abin da tayar ke iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Abin da motar ke so yana takardar nan ta jikin ƙofar direba, a irin taka wajen 32 za ka gani. Da 45 tsakiyar tayar kawai ke taka ƙasa, ta cinye ta bar gefe, mota ta riƙa tsalle, kamun da ka biya kuɗi dominsa ya tafi a banza, wataƙila ma yana cikin abin da ke sa bayan naka rawa a randabawul. Sayi geji naka na kanka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ka motsa, don iska na hawa kusan 1 duk ƙarin digiri 5 ko 6. In ka iso Daura ka auna ka ga ta hau 36 kar ka sace, haka ake so, in ta huce za ta koma. Masu cewa a rage iska lokacin zafi kar taya ta fashe sun juya maganar, ƙarancin iska shi ke sa gefe ya yi ta lanƙwasa har ya gasu ya fashe.

Wajen ɗaurawa ma a kai ta inda ke da inji, ba guduma da ƙarfe ba, akwai na'urar auna iska a jikin bawul ɗin kowace ƙafa, na sha ganin an karya ta an mayar da taya an yi shiru sai fitila ta kama a dashbod. Inda aka rubuta OUTSIDE ya kalli waje. A yi balansin da alaimen a ranar. Kuma dan Allah ɗana, ranar ɗaurin auren abokai in aka fara kiranka ka zo ka juya ta a yi hayaƙi, ka ce Kawu ya hana, minti biyu na wannan wasan ya fi tafiya Daura sau da yawa cin taya, ban da yaran da ke tsaye a gefe suna kallo.

TAMBAYA

Kawu barka da war haka. Ni Corolla gare ni ina jigila tsakanin Daura da Kongolam. Na sayi taya beljiyam guda biyu zanensu kamar sabbi, masu laushi sosai, akwai hoton dutse mai kai uku da wani abu kamar fure a ciki. Ko wata uku ba su yi ba sun fara cinyewa, kuma mota na lilo in na ɗan sa gudu. Ko alaimen ne?

Daga wani direba a Daura.

AMSA

Malam direba sannu da ƙoƙari, a duba alaimen ɗin ba laifi, amma ina zargin tayar sanyi aka sayar maka. Furen nan hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ne, dutse mai kai uku da shi a ciki alama ce ta tayar da aka gwada a ƙanƙara. A ƙasashe irin su Jamus doka ce a sa ta in titi ya yi ƙanƙara, kuma da yawa suna cire ta tun zane na wajen milimita 4, a Ostiriya ma ƙasa da haka ba a lissafa ta a tayar sanyi, shi ya sa take iso mana da sauran kyanta a ido. Robarta an yi ta ne ta zauna da laushi a ƙasa da sifili, ka ɗora ta a kwaltar Daura cikin Afrilu ai kamar man shanu ne a rana, ga cinyewa ga lilo ga birki mai tsawo. Akwai 'yan tayoyin kowane yanayi irin su Michelin CrossClimate da su ma ke ɗauke da alamar, don haka karanta sunan, in ka ga Winter ko Alpin ko Blizzak ko an zane ta da tsage-tsage ko'ina to ta sanyi ce zalla. Tunda fasinja kake ɗauka ka cire su, ka nemi sababbi ko da na kamfani mai sauƙin kuɗi ne, ka duba lambobi huɗun nan na DOT kamar yadda na faɗa wa ɗan'uwanka na Katsina. Kafin ka samu kuɗin ka rage gudu da lodi, ka kuma guji tafiyar tsakar rana.